Yadda ake shirya mota mai turbo don gudun fili a Damagaram

Tun da samari suka fara shigo da Golf GTI da Audi 1.8T da ƴan Subaru garin nan, tambaya ɗaya ce ke ta zuwa mini ta baki daban-daban: yaya zan ƙara wa motata ƙarfi in kai ta fili? Wannan yana neman mai taɓa kwamfutar mota a Kano, wancan yana cigiyar bawul ɗin nan mai atishawa idan an ɗaga ƙafa daga totur. Mai tambayar man birki kuwa sai an tona.

Abin da ke kashe mota mai turbo, wato fankar da hayaƙi ke juyawa ta matsa ƙarin iska cikin inji, a Damagaram abu uku ne: zafi, ƙura da esans. Don haka na jera aikin yadda ya kamata a bi shi, kuma za ka ga ƙara matsin turbo sai a mataki na shida ya shigo. Idan na ce fili, ina nufin wuri killatacce da aka nemi izinin hukuma a kansa, galibi jar ƙasa tunda ita muke da ita. Ban da hanyar Mirya, ban da hanyar Tanut, ban da godoron cikin gari inda ƴan kabu-kabu da amalanke ke zirga-zirga.

1. Auna lafiyar injin kafin ka sayi komai

Kayan aiki: agogon auna matsin silinda, makullin buji, da ƙaramar na'urar ELM327 da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari ta yi magana da waya. Kuɗin na'urar bai kai na cika tanki sau ɗaya ba. Mai Volkswagen ko Audi ya nemi gareji mai VCDS, kayan binciken kwamfuta na irin motocinsu, ya fi nuna abubuwa dalla-dalla.

A bar injin ya yi zafi, a kashe, a cire buji duka, a katse mai da wuta, a taka totur har ƙasa, sannan a auna silinda ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen inji irin waɗannan yana ba da matsin wajen bar 10 zuwa 13. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakaninsu: idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, a tsaya nan a gano dalili. Ƙara wa irin wannan injin iska gaggauta ajalinsa ne kawai.

Daga nan a karanta lambobin kuskure, a rubuta su a takarda kafin a goge, a zaga da motar, a ga wanda ya dawo.

Kowane inji da inda yake ciwo. A 1.8T, musamman na Passat da Audi A4, dattin mai yana toshe rariyar famfon mai, don haka a sauke kaskon mai a duba da ido. A 2.0 TFSI na Golf 5 akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe tsakanin famfon esans mai matsi da sandar kam. A cire famfon a ciro shi: in baƙin rufin da ke kansa ya goge har farin ƙarfe ya bayyana, a sauya. In aka bar shi ya huje, sandar kam ce za ta biya. Golf 6 GTI na farko-farko kuwa abin da ke ɗaure sarƙar injin ne ke saki.

Gargaɗi: bututun famfon nan yana riƙe matsi sama da bar 100. Ba a kwance shi da zafin inji, kuma sai an sauke matsin an rufe da tsumma.

Idan ba ka san ranar da aka sauya bel ɗin injin ba, ka ɗauka lokacinsa ya wuce. A sauya shi tare da famfon ruwa da abin ɗaure shi a zama ɗaya. Injunan nan idan bel ya tsinke, fistan da bawul ne ke karo.

2. Birki

Man birki yana shan laima daga iska, kuma duk ruwan da ya sha yana rage zafin da zai iya ɗauka kafin ya tafasa. Ƙa'idar man birki mai lamba DOT 4 ita ce digiri 230 yana sabo, amma in ya sha laima sai ta sauko 155. DOT 5.1 yana da 260 da 180. Na tsere irin Motul RBF 600 ya haura 300 yana sabo. Motocin gwanjo da yawa suna isowa da man da ya shekara biyar ko fiye a ciki, baƙi ƙirin.

Sayi lita ɗaya a rufaffiyar roba, a zuƙe tsohon daga tankin, a cika da sabo, a riƙa fitarwa ta kowace ƙafa har sai mai haske ya fito babu kumfa. A bi jerin ƙafafun da littafin motar ya faɗa. Ka tsaya a kan yaron gareji kada ya bari tankin ya ƙafe, don in iska ta shiga famfon ABS sai da kwamfuta take fita.

Gargaɗi: DOT 5 ba ƙanen DOT 5.1 ba ne. Na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. Kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne.

Plaket, wato abin da ke matse diskin birki, in bai kai rabin kaurinsa ba a cire shi. A duba diski ko ya tsage ko ya yi baki mai kaifi, a murɗa sitiyari a duba tiyon roba na kowace ƙafa ko ya fara tsattsagewa. Sabon plaket sai an zaunar da shi: daga gudun kilomita 100 a taka da ƙarfi zuwa 20, sau takwas ko goma a jere ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi tafiyar ƴan mintuna ba a taɓa birki ba ya huce.

3. Man inji

Sandar turbo tana juyi sama da sau 150,000 a minti, hayaƙin da ke tura ta yana kaiwa digiri 900, kuma abin da ke tsakaninta da ƙarfe siririn mai ne. Nan ake yawan saɓani da makanikai. Da yawansu sun saba da 20W-50 mai kauri, suna cewa ƙasar zafi ce. Wannan ya dace da tsohuwar 504, amma a bututun turbo irin wannan man ƙonewa yake ya zama gawayi. Abin da ake so cikakken sintetik ne 5W-40, mai Volkswagen ya duba ya ga an rubuta VW 502 00 a jikin galan. Injin yana cin wajen lita 4.5, don haka galan mai lita 5 ya isa har da ɗan ragowar ƙari.

A yi bidanj, wato sauya man inji, da sabuwar filta kafin ranar fili, a cika har layin sama na sandar awo, kada a wuce. Man da ake aunawa daga duro ko wanda aka ɗura a tsohuwar roba ba ya shiga wannan mota ko da kyauta ne.

Tunda an buɗe, a cire tiyon da ke shiga bakin turbo a kama sandar da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi muddin fanka ba ta taɓa bango. Motsi ciki da waje kuwa alamar ta kusa. A duba bututun da ke kai mata mai. In ya toshe da gawayi a sauya shi, wanki ba ya fitar da shi duka.

In da hali a saka agogon zafin mai da na matsinsa. Daga digiri 90 zuwa 120 lafiya lau. Ya haura 130, ɗaga ƙafa. Fitilar mai ta ja da ke gaban direba ba ta kunnuwa sai ɓarna ta riga ta fara.

4. Ruwa da iska mai sanyi

A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana wuce digiri 40 a inuwa. Motar da aka ƙera don Jamus ta riga ta fara da bashi tun kafin ka taka ta.

A ciro radiyata waje gaba ɗaya. Tsakaninta da ta na'urar sanyaya ɗaki za ka tarar da abin mamaki: ƙarangiya, gashin kaji, guntun leda da jar ƙasa sun dunƙule sun zama tabarma, ga shi daga waje ba a ganin komai. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. Injin wankin mota mai feshi yana kwantar da siraran haƙoranta. Haka za a yi wa intakula, wato radiyatar da ke sanyaya iskar turbo, a kuma juye ta a ga ko mai ya taru a ciki. Ɗan laushin mai ba komai, amma in ya zubo kamar rabin kofi a koma kan turbo da bawul ɗin numfashin inji.

Ruwan famfo ko na rijiya ba ya shiga. Gishirinsa ke toshe radiyata ya ci kulas, wato kan inji. A haɗa ruwan batir tatacce da maganin radiyata, kashi 60 da 40, kuma irin wanda motar ta zo da shi: G12 ko G13 ga Volkswagen. A sauya murfin tankin ruwa, don shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. A matsa kowane durit, wato tiyon roba, da hannu, wanda ya yi laushi ko ya kumbura ya tafi.

Gargaɗi: al'adar garejinmu ce a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. A injin kwamfuta wannan cuta ce. Kwamfutar za ta riƙa ganin injin bai yi zafi ba ta yi ta zuba esans, esans ɗin ya wanke bangon silinda ya gangara cikin man inji. A saka sabon tamostat, a tabbatar fanka biyun suna tashi da kansu.

Mai Subaru ya sani intakularsa a saman inji take. Da ya tsaya minti biyar sai ta ɗauki zafi har ba ta taɓuwa. Ya buɗe bonet a duk hutu, ya yayyafa mata ruwa mai tsabta kafin ya koma.

5. Ƙura da yoyon iska

Filtar nan mai siffar mazurari da samari ke so saboda ƙara, a Damagaram ba ta da wuri. Tana zuƙar iska mai zafi daga cikin ɗakin inji, tana barin lallausar ƙurar hunturu ta wuce, man da ake shafa mata kuma yana ɓata na'urar auna iska. Akwatin asali da filtar takarda mai kyau ya fi ta nesa ba kusa ba. Sayi biyu, ɗaya a mota ɗaya a but.

Ga gwaji mai sauƙi. Cire tiyon da ke bayan filta, ka zura farin ƙyalle ka goge cikinsa. In ya fito da ja, ƙura tana wucewa, ko ta bakin akwatin ko ta wata tsaga. Haska fitila kan fankar turbo: bakin fuka-fukanta ya kamata ya zama da kaifi. In ya dakushe, ta daɗe tana cin yashi. A shafa ɗan giris a bakin robar filta ya kama ƙurar da ke neman ratsawa. Kada a bari mai faci ya busa filtar da iskar kwamfureso, tana huda takardar inda ido ba ya gani. A bubbuga ta a hankali, ko a sauya.

Sai gwajin yoyo, wanda kusan ba wanda ke yi alhali kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Samo murfin bututun roba na masu aikin famfo daidai faɗin tiyon shiga turbo, a huda shi a dasa bakin tiyub na taya, a ɗaure da kolye. Inji a kashe, a buɗe murfin mai, a toshe tiyon numfashin inji, a tura iska a hankali har bar 1. Sai a kaɗa Omo a ruwa a bi kowace mahaɗa ana yayyafawa. Na ga an yi wa wata Passat haka a wani gareji a Sabon Gari. Mai ita ya riga ya yi cinikin turbo, sai ga kumfa tana tashi fari fat daga ƙasan wani durit, tsagar ba ta kai tsawon farce ba, sai an lanƙwasa robar take buɗewa. Yaron da ya gano ta kunnensa ya kara kafin ma a zuba ruwan.

Gargaɗi: kada a wuce bar 1, kuma kada kowa ya sa fuska saitin murfin. In ya kuɓuce da ƙarfi yake fita.

Bawul mai atishawa kuwa, a motar da ke da na'urar auna iska, yana zubar da iskar da kwamfuta ta riga ta lissafa. Sakamakon shi ne baƙin hayaƙi a duk sauyin giya, wani lokaci motar ta mutu a kwana. A bar na asali mai mayar da iska ciki, a dai duba robarsa, don ta Golf 5 tana yawan yagewa.

6. Esans, buji, sannan furogiram

Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 tana nan arewa da gari a hanyar Tanut, amma har yau rabin unguwa a kwalba take sayen mai. Ruwa-ruwa ya yi wa babur, bai yi wa injin da ke matse iska ba, don ba ka san me aka gauraya ba, ba ka san kwana nawa ya yi a rana ba. Zaɓi gidan mai ɗaya mai yawan ciniki ka tsaya a kansa, da shi za a daidaita motar, da shi za ka yi gudu. A sauya filtar esans.

Ga inda injuna ke mutuwa. Furogiram ɗin ƙarin ƙarfi na kwamfutar mota da ake sayowa daga Turai galibi an rubuta shi ne don esans mai oktan 98 (oktan shi ne awon yadda esans ke jure matsi) da iska mai sanyi. Man yankinmu na Afirka ta Yamma ƙa'idarsa galibi 91 ce. Idan aka haɗa ƙarancin oktan da iska mai zafi da ƙarin matsi, man yana fashewa da kansa kafin lokacinsa. Wannan ita ce ƙwanƙwasa. Wani lokaci ana jin ta kas-kas, sau da yawa kuma ƙarar salansa ta rufe ta, sai dai a ga fistan ya ɓare. Injin EJ na Subaru ya yi suna wajen karyewar gefen fistan ta wannan hanya.

Bi wannan jeri. Da farko sabbin buji, masu sanyi da mataki ɗaya. A lambar NGK, babbar lamba ita ce mai sanyi: 1.8T da ya zo da 6 sai a sa masa 7. A rage tazarar bakin zuwa milimita 0.7, don matsi mai yawa yana hure tartsatsi. Sannan, tun motar tana kan furogiram ɗinta na asali, a ɗauki bayanai: giya ta uku, daga juyi 2,000 zuwa 6,000, totur a ƙasa, wani na zaune gefe da kwamfuta. Ana duba abu biyar. Matsin da kwamfuta ta nema da wanda ta samu su yi kusa. Jinkirta wuta saboda ƙwanƙwasa, wanda a VCDS yake rukuni na 020, kada ya wuce digiri 5 zuwa 6 a kowace silinda. Lamda, wato awon haɗin iska da esans, ta sauko wajen 0.80 a cikakken matsi. Zafin iskar shiga kada ya zarce digiri 55 zuwa 60. Matsin esans kada ya faɗi a sama.

In motar tana jinkirta wuta sosai tun ba a taɓa ta ba, to ta gaya maka amsa: ba ta da wurin ƙari, sai an gyara sanyaya. In kuwa komai ya yi kyau, ka gaya wa mai furogiram gaskiyar man da kake sha da zafin garinku, ya rubuta mai sauƙi. Golf 5 GTI tana zuwa da ƙarfin doki 200 da matsi wajen bar 0.9. Masu kai ta 1.4 a Turai da man 98 suke yi. A ra'ayina a nan a riƙa ƙara bar 0.1, ana aunawa bayan kowane ƙari, kuma a yi awon da rana tsaka, ba da asuba ba. Wanda ya ce zai ɗura maka furogiram a minti goma ba tare da ya zauna a motar ya ɗauki bayanai ba, ka yi masa godiya ka kama hanya.

Gargaɗi: dabarar cire ƙaramin tiyon da ke zuwa bawul ɗin sakin hayaƙi na turbo, ko ɗaure sandarsa tamau, tana sa mota ta yi tsalle na kwana biyu. Matsin ba shi da linzami kuma, kwamfuta ba ta iya kare injin.

Ka sa a ranka cewa kulocin asali yana iya fara zamewa bayan ƙarin ƙarfi. Mai giyar DSG, mai sauya kanta, ya tabbatar an sauya manta, ƙa'idarsa duk kilomita 60,000.

7. Taya da ƙarƙashin mota

A gefen kowace taya akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta bushe. Wadda ta haura shekara biyar, ko mai ƙulu a gefe, ko mai faci a kafaɗa, ba ta zuwa fili.

A jar ƙasa manyan ƙafafu masu inci 18 da siririyar taya asara ce, dutse ɗaya ya lanƙwasa su. Inci 16 da taya mai tsawon gefe ya fi. Kada a sauke motar ƙasa don ado. Iska tana ƙaruwa da bar 0.3 zuwa 0.5 idan taya ta yi zafi, saboda haka sayi agogonka na kanka ka auna da zarar ka fito. A jar ƙasa kada a sauko ƙasa da bar 2, taya na iya barin ƙafa a kwana. Notin ƙafa na Golf da Audi mita-Niyuton 120 ne, da makulli mai awo, ba yaro ya hau kan ƙarfe yana tsalle ba.

Kaskon man 1.8T na alminiyam ne, ba ya lotsewa, fashewa yake. Kai wa mai walda ya yanka maka farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 ya ɗaure a jikin shasi, ya bar ramukan iska da na bidanj. A ɗaga motar a girgiza kowace ƙafa, a duba robobin hannu da na aksil.

8. Kuɗi da kayan tafiya

Yawancin kayan nan daga Kano suke zuwa, Ƙofar Ruwa ko wajen dilolin mai, kuma farashinsu yana bin naira, don haka a tambaya a makon da za a saya. Jabun buji da jabun mai suna yawo a kowace kasuwa, kuma wanda ya fi arha da yawa shi ne abin zargi. Abin da zan iya cewa shi ne yadda za a raba kuɗin: rabi ga birki da taya, kashi ɗaya cikin huɗu ga mai, ruwa, filta da bel, ragowar ga furogiram da agogo. In kuɗin bai kai ba, furogiram ne zai jira. Esans kuwa, mota a fili tana shan ninki uku na abin da take sha a gari. Da lita a wajen dala ɗari, wato sefa 500, ware jika 20 na yini ɗaya. Kuɗin hannu a yi cinikinsa kafin a kwance noti ko ɗaya.

A mota: hular kwano mai tambarin ECE wadda ta kama kai, riga mai dogon hannu ta auduga, takalmi rufaffe, tukunyar kashe gobara mai kilo 2 ɗaure da ƙarfe inda hannu zai kai. A ɗaure batir da kyau. A fitar da darduma, buta, shimfiɗar ƙafa da carbin da ke rataye a madubi. Robar ruwa ɗaya da ta gangara ƙarƙashin birki ta isa. A but ɗin motar rakiya: lita ɗaya ta mai, ruwan batir, man birki, kolye, koyil ɗaya, buji, jak da igiyar ja.

Gargaɗi: kejin kariya da aka yi da bututun ruwa ya fi rashinsa haɗari, don in ya karye mashi ne. In ba za a yi na gaske ba a bar motar da bel ɗin kujerarta na asali.

9. Ranar fili

Disamba da Janairu da safe ne lokaci mafi kyau, sai dai ƙura, don haka filta ta biyu. A bazara a gama kafin ƙarfe goma. A zaga filin da ƙafa tukuna, a kwashe duwatsu, a ga inda yashi ya yi laushi. A sa mutane masu tuta a kowace kusurwa saboda yara da awaki, ƴan kallo su tsaya ta cikin kwana can nesa, ban da wajenta inda mota ke zamewa. A tanadi mota ɗaya da direbanta don asibiti, kowa ya san lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Tanki kada ya gaza rabi, don a doguwar kwana man yana gudu gefe famfo ya zuƙi iska, kuma wannan a cikakken matsi yana ƙona fistan. Zagaye biyu na farko a hankali har man inji ya kai digiri 80. Allurar ruwa tana riga mai yin zafi, kada ta ruɗe ka. Gudu minti goma, hutu minti ashirin.

Duk wanda ya taɓa zuwa sukuwa ya ga ba a ɗaure doki da gumi, sai an zaga da shi ya huce. Haka turbo. Zagayen ƙarshe a yi shi ba matsi ba birki, a tsaya a bar injin yana aiki minti biyu zuwa uku da bonet a buɗe. In aka kashe nan take, man da ya tsaya a sandar yana soyuwa. Kada a ja birkin hannu, plaket yana mannewa a diski mai zafi. A sa dutse a taya. Murfin ruwa kuma ba a taɓa shi sai injin ya huce.

10. Idan ta ba da matsala

Ƙarfi ya ɓace farat ɗaya da ƙarar fuu da baƙin hayaƙi: tiyon iska ya fita. A goge mai daga bakinsa da esans, a mayar a ɗaure. Lambar P0299 ƙarancin matsi ce, a koma gwajin Omo da bawul ɗin mayar da iska kafin a zargi turbo. P0234 matsi ya yi yawa, kwamfuta ta yanke ƙarfi don kare injin: a duba ƙananan tiyo da bawul ɗin N75 mai daidaita matsin turbo, kada a goge lambar a ci gaba da gudu.

Tana sarƙewa a cikakken totur kawai, da lamba daga P0300 zuwa P0304: buji ko koyil. A musanya koyil ɗin silindar da ake zargi da na maƙwabciyarta, in lambar ta bi shi an kama ɓarawo. P0087 ko P0171 na nufin esans ba ya isa, kuma gudun ranar ya ƙare ke nan.

Tana da ƙarfi a zagaye biyu na farko sannan ta yi sanyin jiki: iskar shiga ta yi zafi, kwamfuta tana ja da baya. Hutu da ruwa a intakula, daga baya a nemi babba.

Shuɗin hayaƙi bayan an ɗaga ƙafa ko an daɗe a tsaye: mai ne, daga turbo ko bawul ɗin numfashi, kuma bawul ɗin ya fi arha, a fara da shi. Farin hayaƙi mai kauri, ruwa yana raguwa, durit ya yi tauri kamar zai fashe: gasket ɗin kulas. A kashe a ja ta da igiya.

Birki ya yi tauri amma motar ba ta tsayawa: plaket ya ƙone, a huce shi. Birki ya yi laushi yana nutsewa: man ya tafasa, kuma ko ya dawo bayan ya huce sai an fitar da shi kafin a koma.

Washegari, kafin motar ta koma zirga-zirgar gari, a ɗaga ta a sake duba notin ƙafa, kaurin plaket, robobin aksil da farantin ƙasa. A buɗe filta a maimaita gwajin farin ƙyalle, a ciro buji a jera su bisa tsarin silinda. Launin toka-toka ko ruwan ƙasa lafiya ne. Fari fat da ƙananan ɗigo masu ƙyalli a jikin farin kaskon bujin, alminiyam ɗin fistan ne, kuma wannan motar sai an rage mata matsi an sake auna silinda kafin ta ƙara ganin fili. Man inji a sauya shi bayan kowace fita biyu, ko bayan ɗaya in ya haura digiri 130.